Ranar da Kwamanda Ya Hau Rufi

Duk wanda ya taɓa zama a unguwarmu ya san Kwamanda, in bai san fuskarsa ba to ya san muryarsa. Ba kowa ya sa masa sunan ba, shi ya sa wa kansa, tun ranar da ya yi ritaya daga hukumar kashe gobara ya dawo gida da tsohuwar hular kwano a hammata. Daga ranar nan, ko ina kwana ka ce masa sai ka ji labarin wata gobara. Ya taɓa shiga wuta ya fito da jariri a hannun dama, kakar jaririn a hannun hagu. Ya taɓa kashe gobarar gidan mai da bargo ɗaya. In ka sake bi ta wajensa bayan kwana biyu, bargon ya koma tawul.

Mutum ɗaya ce ta san gaskiyar magana, wato matarsa, ita kuwa ba mai kai zancen gida waje ba ce. Sai daga baya muka ji cewa duk shekarun da ya yi a hukumar, a sito ya yi su, yana ba ma'aikata takalma da huluna in za su fita, yana karɓa in sun dawo. Wutar da ya fi kusanta a rayuwarsa ita ce ta rishon da yake dafa shayi a bayan ƙofa.

Zaman gida bai karɓe shi ba. Ya gyara wa matar rediyo har ta daina magana. Ya gyara ƙofar banɗaki har ta daina rufuwa. Ranar da ta gan shi yana kewaya firji da sukudireba a hannu, sai ta sha gabansa.

"Baban yara, ga tsaranka can sun kafa ƙungiya suna taimakon unguwa. Ka je ka taimake su. Ni dai na taimaku haka nan."

Haka muka same shi.

Ƙungiyarmu ta dattawa ce masu aikin sa kai, maza da mata, duk waɗanda aiki ya sallama amma ƙafa ba ta gama sallamarsu ba. Ran Asabar da safe muke haɗuwa a wani aji na makarantar firamare, mu zauna a bencin yara, gwiwoyinmu kusa da haɓa. Shugabarmu Sista ce, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, wadda har yau in ta kalle ka sai ka ji kamar allura za ta yi maka. Akwai Tela, wanda harshensa ya fi almakashinsa kaifi. Akwai Mai Agogo, wanda kunnuwansa suka riga shi yin ritaya. Aikinmu ba mai yawa ba ne: mu share harabar asibiti, mu yashe kwata, mu zauna da marasa lafiya, mu bi masu manta shan magani.

Kafin zuwan Kwamanda da 'yan makonni, wuta ta tashi a kicin ɗin wata gwauruwa a ƙarshen lungu, ita ma 'yar ƙungiyarmu ce. Motar kashe gobara ta zo ta kasa shiga, lungun ya yi mata kaɗan. Famfo ɗaya gare mu duk unguwar, shi ma tari ya fi yi a kan zuba. Kafin a tara ruwa, rufin ɗakinta ya tafi.

A taron farko da ya halarta, Sista ta kawo labari.

"Kansila ya aiko. Ya samo tankin ruwa guda ɗaya. Muna so, mutanen tsallaken titi ma suna so. Ya ce zai zo ya ga waɗanda suka fi haɗa kai, su zai ba. Ina ganin mu yashe kwatar bakin asibiti mu nuna masa."

Kwamanda ya miƙe. Shi ke danne da gefe ɗaya na bencin, don haka yana tashi ɗaya gefen ya tafi da Mai Agogo ƙasa.

"Kwata? Babban mutum zai taso takanas ku nuna masa kwata? Sista, ki gafarce ni, amma Allah ya kawo muku ni ba ku sani ba. Ku ba ni 'yan kwanaki in kafa muku rundunar kashe gobara. Ranar da Kansila zai zo, a gabansa za mu kashe wuta, mu ceto mutum daga saman rufi. Da kansa zai goyo tankin ya kawo."

"Da waɗanne sojojin?" in ji Tela. "Dube mu da kyau. In aka tara haƙoranmu duka ba za su cika baki ɗaya ba."

"Ai ba da haƙori ake kashe wuta ba."

"To da gwiwa ake, ita ma babu."

"Na horar da waɗanda suka fi ku lalacewa."

"Allah ya jiƙansu," in ji Tela.

Mai Agogo, daga inda yake zaune a ƙasa, ya tambaya ko an tashi ne.

Sista ta buɗe baki za ta kashe maganar, sai gwauruwar nan ta yi magana a hankali daga bayan aji. Ta ce da ranar akwai wanda ya san yadda ake yi, da ɗakinta yana nan. Kwamanda ya dafa ƙirji ya ce muddin yana numfashi ko ashana ba za ta sake ƙonewa a unguwar nan ba. Sista ta dube shi irin kallon da take wa mai cewa ya sha maganinsa alhali bai sha ba, amma ta yarda.

Washegari aka fara horo a filin makaranta. Ya zo da hular kwano, da tsohuwar rigar kaki wadda maɓallanta ke neman agaji a kan tumbinsa, da usur a wuya. Ya jera mu daga famfo zuwa bangon ɗakin ajiya, kowa ya miƙa wa na kusa da shi bokiti.

"Ku saurara da kyau. Busa ɗaya, ruwa. Busa biyu, a janye tsani, kowa ya ja baya, rufi zai rufta. Ba tambaya, ba waiwaye. Runduna ba ta tunani, usur ke mata tunani."

"To mun huta," in ji Tela. "Da na ɗauka kai ne za ka yi mana."

Bokitin farko ya bar famfo a cike. Ni na karɓe shi da rabi, don wadda ta miƙo mini hannunta na rawa. Na miƙa wa na gaba, ya ajiye ya dafa ƙugu ya ce a jira bayansa ya dawo daidai. Wata ta ɗiba kaɗan ta haɗiye ƙwayar hawan jini, ta ce lokacinta ya yi. Da bokitin ya isa hannun Kwamanda, abin da ke ciki ko kaza ba zai ƙosar ba. Ya leƙa, ya ce a matsayin gwajin farko ya ga abin da ya fi haka muni a manyan birane.

Mai Agogo ne kaɗai ya ji daɗin horon. Shekaru bai ji wani sauti sarai ba sai wannan usur, don haka ya ƙaunace shi. Ana busawa sai fuskarsa ta washe. Ganin haka Kwamanda ya ɗora shi a kan tsani, shi da mai gadin makaranta.

Kwana na gaba, muna tsakiyar miƙa bokiti, Kwamanda ya juya wajen gidansa da ke kallon filin, ya ɗaga murya.

"Maman yara, a fito da mesar nan."

Matan da ke layin famfo ba su jira ƙarin bayani ba. Wannan ta suri ɗanta, waccan ta bar takalmi, wata ta haye tebur ɗin mai kayan miya tana tambayar ta ina ta bi. Can sai ga matar Kwamanda tana jan tsohuwar mesar ruwa, baƙa, a murɗe, duk jikinta huji.

Tela ya taɓa ta da ƙafa. "Ku dawo, ta daɗe da mutuwa. Dubi yadda aka sassare ta."

Kwamanda ya ce mesar nan ta ga gobarar da Tela ko a mafarki bai gani ba. Ya zauna ya ɗaure hujojin da tsohuwar robar taya, ya aro ƙaramin injin jan ruwa a wajen mai wankin mota, ya naɗa Tela mai kula da shi, wai ko ƙarar injin ta rufe masa baki.

Da a filin makaranta abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma Kwamanda ya ce gobara ba ta sallama, dole runduna ta zauna a shirye. Ya fara sintiri a lungu, hanci a sama yana shaƙar iska. Wata safiya muna share harabar asibiti muka ji usur, dogon busa guda. Muka yar da tsintsiya muka suri bokitai. Hayaƙi ne ke fitowa daga shagon mai wanki da guga. Kwamanda na tsaye a ƙofa yana nuni da hannu biyu.

Ban taɓa ganin mun yi sauri irin na ranar ba. Bokiti na bin bokiti, muna watsawa ta taga da ta ƙofa. Sai da hayaƙin ya lafa muka ga mai guga a tsaye a tsakiyar shago, ruwa na ɗiga daga gemunsa, mafici a hannu. Gawayi yake hurawa zai zuba a dutsen guga. A bayansa ga kayan mutane da ya kwana biyu yana gogewa, an jera su a ninke, yanzu sun koma kamar an tsamo su daga rafi.

Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Duk iyayensa ne, ba wanda zai iya zagi.

"Baba, me na yi muku?"

"Gode wa Allah, yaro," in ji Kwamanda. "Da mun makara kaɗan da yanzu wani zancen ake."

"Baba, gawayi ne."

"Duk gobarar duniya daga gawayi ta fara."

"To wadda ta fara daga lantarki fa?" in ji Tela.

"Kai ka koma wajen injinka."

Ranar nan rundunar kashe gobara ta wuni tana matsar kaya tana shanya. Sista ta sa mu duka, har da Kwamanda, wanda ya riƙe ƙarshen igiya yana ba da umarni. Daga nan unguwa ta ɗauki darasi. Mata suka koma girki da taga a rufe, suna hawaye suna tari, gara hayaƙi da usur. Wani tsoho mai shan taba ya daina sha bayan shekara da shekaru, abin da likitoci suka kasa sa shi. Kwamanda ya ƙara wannan a cikin nasarorinsa.

Ana jibi Kansila zai zo, Sista ta ja shi gefe.

"Ka dube ni. Ka tabbata ka san abin da kake yi? Tankin nan ba wasa ba ne. In muka rasa shi, matan nan za su ci gaba da kwana a layin famfo."

"Sista, na shiga wutar da ƙarfe ke narkewa a cikinta. Hayaƙin gwangwani ne zai gagare ni?"

Shirin nasa ga shi. Ɗakin ajiyar makaranta yana da rufin siminti, shimfiɗaɗɗe. Za a ɗora gwangwani cike da ɗanyen ganye a kunna, ya ba da hayaƙi. Za a kwantar da mutum-mutumi a gefensa, wanda Tela ya ɗinka da ƙyallaye ya cusa masa yashi don nauyi, aka sa masa ɗaya rigar kakin Kwamanda. Mai gadi ne zai hau tsani ya sauko da shi, mu kuma mu watsa ruwa. Shi Kwamanda yana ƙasa da usur, don a cewarsa babban kwamanda ba ya hawa, daga ƙasa ake ganin yaƙi.

Ranar ta zo. Filin makaranta ya cika, har mutanen tsallaken titi sun zo su ga yadda za mu ƙare. Aka jera kujeru a inuwa, kusa da inda mesar ta bi. Mai gadi ya hau ya kunna gwangwani ya sauko. Kansila ya iso cikin farar shadda mai sheƙi, yana ɗaga wa mutane hannu, aka zaunar da shi. Ba shi kaɗai ya zo ba. A bayansa akwai wani dogon mutum cikin kaki, jami'in hukumar kashe gobara, wanda ya gayyato ya taya shi duba aikin.

Ina kusa da Kwamanda, na ga lokacin da ya hango jami'in. Bakinsa da ke buɗe zai fara jawabi ya rufe. Ya jawo hular kwano har kan hanci. An ce ranar wanka ba a ɓoye cibi, amma shi ya gwada.

"Ga shugaban rundunar tamu," in ji Sista, tana jawo baƙin zuwa wajensa. "Ai ma tsohon ma'aikacinku ne, ƙila kun san juna."

Jami'in ya miƙo hannu yana ƙoƙarin leƙa ƙarƙashin hular. Kwamanda ya duba hagu, mutane. Ya duba dama, mutane. Hanya ɗaya ce ta rage, ita ce tsani. Ya cusa usur a baki, ya ture mai gadi gefe, ya kama hawa.

"Kai ka ce kwamanda ba ya hawa," in ji Tela.

Tsoron abin da ke bayansa ya hana shi ganin abin da ke gabansa, ya haye kamar ɗan shekara ashirin. Jama'a suka yi tafi. Matarsa, wadda ta shiga layinmu ranar da nata bokitin, ita kaɗai ba ta tafa ba. Na ji ta ce a hankali, "Mutumin da ko ƙwan lantarki ni ke canja masa."

Ya isa sama ya taka rufi. Sannan ya yi kuskuren da ya fi kowanne, ya waiwayo ya dubi ƙasa.

Ya durƙusa, ya rarrafa, numfashi ya ƙwace masa. Ga usur a baki. Ya ja iska ya saki, usur ya yi ƙara, dogo guda.

Runduna ba ta tunani. Tela ya ja igiyar inji. Mesa ta kumbura ta miƙe, ta yi wata irin girgiza, sannan duk robar da aka ɗaure ta ta balle lokaci guda. Ko ɗigo bai kai bakin mesar ba. Babban hujin yana daidai ƙarƙashin kujerar Kansila. Ruwa ya taso ya same shi daga inda bai yi tsammani ba, ya miƙe da sauri, wani hujin ya same shi a ƙirji. Farar shadda ta manne masa a jiki har ana ganin singileti.

A sama Kwamanda na haki, usur na bin hakin: fit, fit.

Fuskar Mai Agogo ta washe. Busa biyu, ya ji su sarai. Ya daka wa mai gadi hannu a kafaɗa, suka sunkuci tsani suka yi bakin ƙofar makaranta da shi, ba tambaya, ba waiwaye, yadda aka koya musu. Mu ma muka ja baya.

Kwamanda ya laluba inda tsani yake ya ji iska. Ya ja da baya a gigice, ya rungumi abin da hannunsa ya fara samu, wato mutum-mutumin. Hayaƙi ya lulluɓe su. Ba mu ga yadda aka yi ba, sai dai muka ga kaki ya mirgino daga bakin rufi ya faɗo ƙasa tim, hular kwano ta biyo shi tana gangarawa.

Fili ya ɗauki salati. Matarsa ta saki bokiti, ta tsaya kamar an dasa ta. Sista ta manta da ciwon ƙafarta ta ruga, ta durƙusa ta kama wuyan hannun rigar.

"Ba ya numfashi."

"Bai taɓa yi ba," in ji Tela. "Ni na ɗinka shi."

Daga sama usur ya sake yin wata 'yar siririyar ƙara. Matar ta sauke ajiyar zuciya, ta goge ido da gefen mayafi, ta ce, "Yana nan. Wa zai kashe wannan."

Can sai ga sanƙo ya leƙo daga bakin rufi, ba hula, ido a rufe gam. Jami'in ya sa hannu ya kare rana ya duba.

"A'a. Baba mai sito? Kai ne a sama?"

Ya faɗa da ƙarfi, irin murnar wanda ya ga tsohon sani. Duk filin ya ji.

"Mai me?" in ji Tela.

"Mai sito. Shi ya ba ni takalmina na farko da na fara aiki. Baba, yaushe ka fara hawa? Kai da ko kayan saman kanta sai ka kira mu mu sauko maka da su."

Da dariyar da ta taso ta kai inda za ta kai, amma ba ta samu dama ba. Wajen kokawarsa da mutum-mutumi ashe Kwamanda ya shure gwangwanin. Garwashi ya zube a kan busasshen ganyen da iska ta tara a rufin shekara da shekaru. Hayaƙin ya sauya launi, sai ga harshen wuta na gaske, yana tafiya a hankali wajen ƙafar wandonsa. A ƙarƙashin rufin kuwa littattafan yara ne da bencinansu.

Usur ya faɗo daga bakinsa. Da muryar da ba mu san yana da ita ba, ƙarama, ya ce, "Maman yara."

Ba wanda ya busa komai. Sista ta nuna ƙofa, aka ruga aka juyo da Mai Agogo da tsaninsa, yana ta gardama cewa bai ji busa ba. Jami'in ya haye. Mu kuwa muka koma layinmu, kowa inda ya saba tsayawa, gwauruwar nan a bakin durom ɗin da muka tara ruwa tun da safe tana cikawa. Mai rawar hannu ta riƙe bokiti da hannu biyu. Mai ciwon baya ya manta yana da baya. Matar Kwamanda tana gindin tsani tana miƙawa sama, tana cewa a yi sauri kafin ya gasu, ba ta da wani. Karon farko tun da aka kafa runduna, bokiti ya isa ƙarshen layi a cike. Jami'in na watsawa, rabi a kan wuta, rabi a kan Kwamanda, har abin ya mutu murus. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa ya doka.

Saura saukowa. Nan aka yi ta. Kwamanda ya kwanta rub da ciki ya ce shi a nan zai zauna, a riƙa miƙo masa abinci. Jami'in ya lallashe shi, ya ƙi. Mai guga ya ce zai iya kawo zanen gado a tare shi, amma a sani ba shi zai sake wankewa ba. Daga ƙarshe matar ce ta ɗaga kai.

"Baban yara, ka sauko, ko in hau in same ka a gaban mutane."

Ya sauko. Ido a rufe, jami'in na riƙe da ƙugunsa, yana sa masa ƙafa a kowane mataki kamar mai koya wa yaro tafiya. Da ya taka ƙasa bai buɗe ido nan da nan ba, ina jin ya san abin da ke jiransa.

Amma jami'in ya dafa kafaɗarsa ya juyo wajen jama'a. Ya ce shi dai abin da ya sani, duk shekarun Baba a sito ba a taɓa tura ma'aikaci wuta da yagaggen takalmi ba, ko hula mai tsaga. In ya ga aibi a kaya, ko babban shugaba ne ya sa hannu ba zai bayar ba. Kwamanda ya buɗe ido ɗaya. Ya buɗe na biyu. Na ga ƙirjinsa ya fara tasowa.

"Kada ka ƙara masa," in ji Sista. "Yanzu muka sauko da shi."

Kowa ya juya wajen Kansila. Yana tsaye yana matse gefen rigarsa, takalmansa na ƙara in ya motsa. Mutanen tsallaken titi sun riga sun fara yi wa juna murna. Sista ta matsa za ta ba da haƙuri, ya ɗaga mata hannu. Ya dubi layin tsofaffi, kowa da bokiti, muna haki. Ya dubi baƙin rufi. Ya daɗe yana duban Kwamanda.

"Wannan bawan Allah, a unguwar nan yake kwana?"

Aka ce a nan yake.

"Kullum?"

Aka ce kullum.

"To ku za a ba tankin. Waɗancan suna da buƙata, ku kuna cikin haɗari."

Ba a yi wata guda ba aka kafa shi a bakin lungu, kusa da gidan gwauruwar, wadda muka haɗu muka sake yi wa rufi. Layin famfo ya ragu. Sista ta karɓe usur ta jefa a jakarta, Mai Agogo ya yi kwanaki yana fushi da ita.

Kwamanda ya yi mako guda bai fito ba, muka fara tunanin ko mu je dubiya. Sai ga shi wata safiya ya fito da kujerarsa ya kafa a gindin tanki. Ni da Tela muna wucewa muka tarar ya tare wani baƙo da ya tsaya shan ruwa.

"Ka ga tankin nan? Unguwa biyu suka yi ta neman sa. Da ban hau rufi ba, da yanzu yana tsallaken titi."

Na jira Tela ya yanka masa amsa. Muka yi gaba, har muka kusa shagonsa bai ce uffan ba. Na tambaye shi ko lafiya.

"Ina fa lafiya," in ji shi. "Tun da na san mutumin nan yake zuba ina ƙaryata shi. Yau ya faɗi gaskiya, kuma ita ce ta fi duk ƙaryarsa ban haushi."